Fankon Gurneti da Gurneti Mai Rai: Sanin Sunansa Ba Ya Nuna Abin da Ke Cikinsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi bayani a kan wani al'amari da ba kasafai ake tattauna shi da Hausa ba, wato tara tsofaffin gurnetin soja waɗanda aka raba da abin fashewarsu, da kuma ilimin gane irinsu da zamaninsu da ƙasar da ta ƙera su. Na san wasu masu karatu za su ji abin banbarakwai, su ce me mutum zai yi da makamin kisa a kan kantarsa. Amsar ita ce akwai mutane da dama a duniya da ke tara waɗannan abubuwa kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi ko kan sarki, kuma manyan gidajen adana kayan tarihi, irin su gidan tarihin yaƙi na birnin Landan da na garin Ifres a ƙasar Beljiyam, sun ajiye su a bayan gilashi domin a ga da me kakannin mutane suka yi yaƙi. Na daɗe ina bibiyar wannan fanni, kuma ina ganin ilimi ne na gaske. Amma akwai kuskure guda da ke yawan shiga tsakanin masu tarawa da masu saye da masu gado, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami: mutane suna ɗauka cewa idan sun san sunan gurneti, to sun san abin da ke cikinsa.

Zan fara da kalmar kanta, domin a bakinmu da kuma a rubuce-rubucen jarida kalmar gurneti ɗaya ce take ɗauke da abubuwa dabam-dabam. Akwai gurneti mai rai, wanda nakiyarsa da lagwaninsa suna nan daram. Akwai wanda aka jefa ya ƙi tashi, kuma wannan ya fi na farko haɗari, domin an riga an taɓa masa abin da ke riƙe da shi, ba wanda ya san abin da ya rage ya fashe. Akwai na atisaye, wanda sojoji ke koyon jifa da shi. Akwai na kwaikwayo, wanda bai taɓa zama makami ba, an zuba shi ne kawai domin ado ko wasan kwaikwayo. Sai kuma wanda wasiƙata ta shafa, wato gurneti na ainihi da ƙwararru suka kwashe duk abin da ke cikinsa, ya zama ƙarfe kawai. Wannan na ƙarshe shi nake so mu riƙa kira fankon gurneti, kamar yadda muke cewa fankon ashana, domin kalmar tana faɗin gaskiyar abin ba tare da dogon bayani ba.

Sunan gurneti ya samo asali ne daga kalmar Faransanci ta rumman, saboda na farko-farko dunƙulallen ƙarfe ne mai cike da ƙwayoyin albarushi, da lagwani a bakinsa. A ƙarni na 17 rundunonin Turai suka ware ƙarfafan sojoji domin jifa da shi, daga baya kuma amfaninsa ya ja baya, sai yaƙin Rasha da Japan na 1904 zuwa 1905 ya sake farfaɗo da shi. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma na ramuka, inda abokan gaba ke iya jin muryar juna amma harsashi ba ya isa gare su, sai buƙatarsa ta wuce abin da masana'antu ke iya samarwa, har sojojin da ke Galipoli ta ƙasar Turkiyya a 1915 suka riƙa haɗa nasu da gwangwanayen da aka zubar. Daga wannan lokaci ne yawancin abin da masu tarawa ke nema ya fara.

Wanda duk ya shiga wannan fanni da gurnetin Mills yake fara karatu, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. William Mills, injiniya ne da ke da masana'anta a Birmingham ta Ingila, ya gyara wani tsari da wani hafsan Beljiyam ya fara, sojan Birtaniya suka karɓe shi a 1915 da sunan lamba 5. Daga baya aka yi lamba 23, wanda ake iya ɗaura masa sanda a harba shi da bindiga, sannan lamba 36. Akwai kuma 36M, wanda aka shafe da wani irin ƙaro domin kada danshi ya shige shi, harafin M ɗin kuwa yana nufin Mesofotamiya, wato yankin Iraƙi na yau, inda aka fara buƙatar hakan. Wannan gurneti ya yi aiki a rundunar Birtaniya har zuwa farkon shekarun 1970, kuma an ƙera miliyoyinsa a masana'antu da yawa, ba a Ingila kaɗai ba. Abin da ya sa masu tarawa ke ƙaunarsa shi ne yana ɗauke da takardar haihuwarsa a jikinsa. A gindinsa akwai wani toshi mai zare, wanda galibi aka buga wa lambar irin gurnetin da haruffan masana'antar da ta yi shi da shekarar yi, wani lokaci har da watan. Siffar toshin da irin ƙarfensa, da faɗin ƙarfen da ake dannewa da tafin hannu, wanda masu abin ke kira cokali, da yadda kafaɗun gurnetin suka tashi, duk suna bambanta lamba 5 da lamba 36 ga wanda idonsa ya saba. Fenti ma magana yake yi: zoben jajayen alamomi masu kama da harafin X a samansa yana nuna an cika shi kuma an yi masa kariyar danshi, zobe mai launi a tsakiyarsa kuma yana nuna irin nakiyar da aka zuba. A nan ne mai hankali yake fara taka-tsantsan, domin toshin gindi abu ne da ake kwancewa, kuma ba abin mamaki ba ne a ga gangar jiki ta Yaƙin Duniya na Biyu da toshin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ko dai saboda rashin sani ko kuma saboda mai sayarwa ya san tsohuwar shekara ta fi jan ido.

Bari in ɗan ratsa gefe in gyara wata fahimta da ta yaɗu. Mutane da yawa suna zaton tsage-tsagen da ke jikin Mills an yi su ne domin ya farfashe daidai bisa layukan. A aikace ƙarfen zubi ba ya bin waɗannan layuka idan ya fashe, kuma babban amfanin tsagen shi ne hannu mai laka ko gumi ya riƙe shi da kyau. Shi ya sa gurnetin da suka zo daga baya suka koma masu sulɓi a waje, aka mayar da tsagen ciki.

Na Jamus kuwa ba ya ɓoyuwa, domin shi ne mai doguwar ƙota ta katako da gwangwani a kanta. Ya fito a 1915, sannan samfurin 1924 ya zama wanda aka fi gani a hotunan Yaƙin Duniya na Biyu. A ƙarshen ƙotar akwai murfi, a ƙarƙashinsa igiya da ƙwallon tangaran da ake fizga. A jikin gwangwanin akan rubuta gargaɗi da Jamusanci cewa a saka abin tayarwa kafin amfani, saboda ana kai su fagen daga ne a rabe. Wannan rubutu yana koya wa mai tarawa darasi babba: ƙota na iya zama fanko alhali kan yana cike. Haka kuma tunda kan da ƙotar suna kwancewa, da yawa daga cikin waɗanda ke hannun mutane a yau haɗe-haɗe ne, kan wata masana'anta da ƙotar wata, wasu ƙotocin ma sababbi ne aka sassaƙa, aka shafa musu datti, aka buga musu hatimin gaggafa na jabu. Masu ilimin abin suna duba tsufan katakon a cikin ramin ƙotar, inda mai jabu ba ya damuwa ya taɓa.

Na Amurka mai suna Mk 2, wanda siffarsa ta sa ake kiransa abarba, ya fito ne a 1918. A farkon yaƙi na biyu rawaya ake fentinsa gaba ɗaya, daga baya aka ga launin yana tona asirin soja, sai aka koma koren soja da siririn zoben rawaya a wuya, har ma akan sami wanda aka shafa wa kore a kan rawayar. Bayansa aka yi M26 mai siffar lemun tsami, sannan M67 mai siffar ƙwallo. A tsarin Amurka da ƙawayenta shuɗi shi ne launin kayan atisaye, kuma gurnetin atisaye yana da rami a gindinsa. Babu gurnetin da aka fi kwaikwaya kamar abarba. Kasuwannin kayan soja cike suke da zubin baya-bayan nan, da yawa ɗauke da haruffan RFX, waɗanda aka kwafo daga na atisaye na gaske, kuma ana gane su da kaurin layin zubi da rashin tsabtar zaren wuya. Kama da wane ba ta wane, in ji masu iya magana, amma a nan karin maganar kaifi biyu ne da ita: na jabu yana kama da na gaske, haka kuma mai rai yana kama da na jabu.

Sauran zan bi ta kansu da sauri. Faransa tana da F1 tun 1915, Tarayyar Sobiyet ma tana da nata F1, suna ɗaya amma kawunansu daban, kuma na Sobiyet ɗin ƙasashe da dama sun kwafe shi, don haka sai an karanta hatimin masana'anta ake sanin inda ya fito. A wancan lokaci Japan tana lissafi ne da shekarun sarautarta, saboda haka samfurin 97 na nufin shekara ta 2597, wadda ta yi daidai da 1937. Da ƙarfe ya yi mata ƙaranci a ƙarshen yaƙi, sai ta sa maginan tukwane suka gasa gurnetin yumɓu, kuma su ne abin da ya fi ba ni tausayi a duk fannin, domin suna nuna yadda yaƙi ke cinye ƙasa har ya kai ga sana'ar da ba ruwanta da shi. Italiya kuma ta yi wasu ƙanana masu jan fenti a 1935, waɗanda ke tashi da zarar sun bugi ƙasa. Sojojin Birtaniya sun yi musu laƙabi da jajayen shaiɗanu, saboda wanda ya ƙi tashi yana iya tashi daga ɗan motsi kaɗan.

Malam Edita, duk wannan ilimi da na zayyana yana amsa tambayoyi uku ne kawai: wane iri ne, wa ya yi shi, yaushe. Ba ya amsa ta huɗu, wadda ita ce ta rai da mutuwa. A watan Disamban 2020 wani yaro ya rasa ransa a jihar Bajiniya ta Amurka sakamakon fashewar wani Mk 2 da aka saya a wata kasuwar tsofaffin kayayyaki a jihar Karolina ta Arewa, kuma hukumomi sun bayyana cewa mai sayarwa da mai saye duk sun ɗauka fanko ne. A watan Mayun 2023 a jihar Indiyana wani magidanci ya mutu, 'ya'yansa biyu suka ji rauni, lokacin da iyalin ke duba kayan wani kakansu suka ci karo da gurneti. Waɗannan abubuwa sun faru ne a cikin gida, shekaru da dama bayan yaƙin da aka ƙera makaman dominsa.

Dalilin da ido da hannu ke yaudarar mutum a bayyane yake. Gurnetin Mk 2 nauyinsa ya kusa giram 600, amma nakiyar da ke cikinsa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wannan nauyi ba, don haka ba wanda zai auna shi a tafin hannu ya san cike yake ko fanko. Girgiza shi a ji ko wani abu na motsi ba shaida ba ce, kuma ganganci ne. Shuɗin fenti kowa na iya shafawa, kuma ko na atisaye na gaske ne, kansa yana iya ɗauke da ɗan abin fashewa da ya isa ya yanke yatsu ko ya tsone ido. Fil ɗin da ke maƙale, wanda ake zarewa kafin jifa, yana iya zama tsatsa ce kawai ta riƙe shi. Maganar mai sayarwa cewa ya shekara talatin a kan teburinsa bai yi komai ba ita ma ba hujja ba ce, domin nakiya ba ta mutuwa don ta tsufa. Wasu sinadaran ma tsufa na ƙara musu saurin fushi, musamman wanda ake kira fikirik, wanda ke haɗuwa da ƙarfe ya haifar da wani gishiri da gogayya kaɗan ke tayarwa. Mukan ce sai an gwada akan san na ƙwarai, amma wannan abu ne da ba a gwada shi, domin mai gwajin ba ya samun damar ba da labari.

To, mene ne ke tabbatar da fanko? A ganina abu biyu ne, kuma sai sun haɗu. Na farko shi ne a ga cikinsa da ido: gangar jikin a buɗe take, haske na shiga, babu komai a ciki, sannan kan ma, wanda shi ne ya fi haɗari, an nuna a fili cewa abin tayarwa da lagwani ba sa nan. Shi ya sa nake fifita waɗanda sojoji da kansu suka yanka gida biyu domin koyarwa, duk da cewa wasu masu tarawa suna raina su saboda ba cikakku ba ne. A wurina sun fi kowanne daraja, domin suna nuna yadda abin ke aiki, kuma ba su da abin ɓoyewa. Na biyu shi ne takardar shaida daga wanda doka ta amince ya duba, mai ɗauke da bayanin wannan gurneti ɗin takamaimai, ba takardar da za a iya liƙa wa kowanne ba. Idan ana shakka, masu kwance bam suna da na'urar haska ciki, kuma aikinsu ne. Ina jaddada cewa mayar da gurneti fanko ba aikin mai tarawa ba ne, komai yawan littattafan da ya karanta. Wanda ya sa hannu ya murɗa kan tsohon gurneti domin ya leƙa cikinsa ya riga ya yi abin da ake gudu.

Wannan ya kawo ni kan waɗanda ake tonowa daga ƙasa. A arewacin Faransa da yammacin Beljiyam manoma suna ci gaba da turo makaman yaƙin 1914 zuwa 1918 da garmarsu kowace shekara, har ana kiran abin girbin ƙarfe, kuma sojojin Beljiyam suna da runduna ta musamman mai bi tana kwashewa. A watan Fabrairun 2019 an sami gurnetin Jamus na wancan yaƙi a cikin dankalin da aka kai Hon Kon daga Faransa, laka ta rufe shi har ya saje da dankalin, kuma da 'yan sanda suka lalata shi sai ya nuna da sauran ƙarfinsa bayan shekara ɗari. Abin da aka tono daga fagen daga ba kayan tarawa ba ne har sai hukuma ta ce haka, kuma mai tarawar da ke sayen irin waɗannan a ɓoye yana ƙarfafa masu tono su ci gaba da wasa da rayukansu da na maƙwabtansu.

Ko da fankon ya tabbata, da sauran nauyi a kan mai shi. Dokoki sun sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa: wasu sun halatta mallakarsa da sharaɗi, wasu kuma ba su bambanta shi da mai rai ba, don haka wajibi ne mutum ya san dokar inda yake kafin ya saya, ba bayan ya saya ba. Hukumar tsaron sufuri ta Amurka ta haramta shiga jirgi da gurneti ko da fanko ne ko na kwaikwayo, a jakar hannu ko a babbar jaka, kuma hujjarta mai ƙarfi ce: jami'in da ya gan shi a na'ura dole ne ya ɗauka mai rai ne, a kwashe mutane, a tsayar da jirage, har sai ƙwararru sun zo. Wanda aka nuna wa fanko da wasa ma tsoronsa na gaske ne, kuma doka a wurare da dama tana hukunta barazanar ba tare da duba ko akwai nakiya ba. Sannan akwai batun magada, wanda masu tarawa suka fi mantawa. Mai tarin ya san kowanne da tarihinsa, amma ranar da ba ya nan, matarsa da 'ya'yansa ƙarfe kawai za su gani a akwati. Ya kamata kowane fanko ya kasance da alama a jikinsa da lamba, a kuma ajiye littafi mai hoto da takardun shaida a inda iyali suka sani, tare da umarni a rubuce cewa duk wanda ba ya cikin littafin kada a taɓa shi.

Roƙona gare ka da abokan aikinka shi ne idan labarin gurneti ya zo muku, ku tambayi jami'an da suka duba wane iri ne, ku kuma rubuta shi da sunansa, ko mai rai ne, ko wanda ya ƙi tashi, ko na atisaye, ko na kwaikwayo, ko fanko. Kada a rubuta cewa tsoho ne kawai a bar mai karatu ya ɗauka tsufa na nufin ba ya aiki. Ina kuma roƙo a duk irin wannan labari a ƙara layi biyu masu faɗin abin da ya kamata wanda ya tsinci gurneti ya yi, a gona ne ko a cikin kayan gado: kada ya ɗauka, kada ya matsar, kada ya zuba masa ruwa ko ya jefa shi a rijiya, kada kuma ya ɗauke shi da kansa ya kai ofishin 'yan sanda. Ya lura da wurin, ya janye mutane nesa, musamman yara, sannan ya kira jami'an tsaro su turo masu kwance bam.

Na gode da wannan fili da ka ba ni.

Naka,
Wani mai karatu, mai sha'awar tarihin kayan yaƙi